Kwana 59 Tsakanin Faci da Ɓarna

A shagunan sayar da kwamfutocin gwanjo, daga Computer Village ta Ikeja har zuwa rumfunan Kano da Kaduna da Jos, akwai wata alfarma da ake yawan yi wa mai saye ba tare da ya roƙa ba. An gama ciniki, yaron shago ya ɗora Windows, ya zuba Office da burauza da manhajar kallon fim, sannan kafin ya naɗe caja sai ya kutsa can cikin saiti ya toshe hanyar da na'urar ke bi ta sabunta kanta. Yana miƙo ta yana cewa, “Yallaɓai, na kashe maka afdet, don kada ya riƙa shanye maka data.” Mai saye ya yi godiya, wani har da ɗan ihsani. Yaron ba mugu ba ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, data tana tafiya. Amma a ganina illa ya yi wa mutumin nan, yana zaton taimako ne. Da ya tambaye shi yaushe ake kawo musu wuta, da kuma lokacin da data ta fi masa araha, sannan ya yanka wa kwamfutar lokacin da za ta riƙa duba sabuntawa da kanta, da ya yi masa aikin da ya fi duk manhajojin da ya zuba amfani.

Hujjata ta farko tana cikin kalandar 2017. Ranar 14 ga Maris na shekarar, kamfanin Microsoft ya fitar da faci don toshe wata ɓaraka a hanyar da kwamfutocin Windows ke bi wajen musayar fayil a tsakaninsu. Bayan wata guda, wani gungu da ke kiran kansa Shadow Brokers ya watsa wani makamin kutse mai suna EternalBlue a intanet, wanda aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, kuma wannan ɓarakar ita ce ƙofar shigarsa. Ranar Juma'a 12 ga Mayu sai ga WannaCry, wata tsutsar kwamfuta da ke amfani da wannan makamin. Ba ya jiran ka latsa komai. Yana shiga zai kulle fayiloli, ya baje jan allo yana neman fansar dala 300 a kuɗin Bitcoin, sannan ya tsallaka kwamfuta ta gaba. Hukumar 'yan sandan Turai ta Europol ta ce ya kama fiye da kwamfutoci 200,000 a ƙasashe 150. A Ingila ya taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da aka ƙiyasta ya kai 19,000, aka juya motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitoci, daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar a fam miliyan 92. Kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin lura shi ne mafi yawan na'urorin da aka kama Windows 7 ne a kansu, wanda a lokacin Microsoft yana ci gaba da kula da shi. Wato maganin yana nan, kyauta, tun kwana 59 kafin ranar, yana jiran a sauke shi. Wanda kwamfutarsa ta ɗauki facin Maris, labarin kawai ya ji a rediyo.

Akwai abin da mutane ba sa lura da shi game da wannan tazara, kuma shi ne ginshiƙin maganata. Ana ɗauka cewa wanda bai yi faci ba yana nan yadda yake jiya, bai ci gaba ba bai kuma koma baya ba. Ba haka ba ne. Ranar da kamfani ya fitar da faci, tamkar mai shela ne ya zaga gari yana cewa duk gidan da aka gina da irin bulo kaza akwai rami a bayan katangarsa, a zo a karɓi siminti. Masu gida sun ji, ɓarayi ma sun ji. Masu kutse suna sauke facin kamar kowa, su kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa, su ga daidai wurin da aka gyara, daga nan su ƙera abin da zai shiga ta wurin a kwamfutocin da ba a gyara ba. Don haka haɗarin yana ƙaruwa ne bayan fitowar facin. An ga haka tun 2003: Microsoft ya fitar da gyara a watan Yuli, tsutsar Blaster ta ɓulla a Agusta ta wannan ƙofar, ta riƙa sa kwamfutoci suna kashe kansu. A Oktoban shekarar ne kamfanin ya fara tsarin da yake kai har yau, na fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, domin kowa ya san ranar ya shirya. An kuma gani a kamfanin Equifax na Amurka, inda gyaran wata manhaja ya fito a Maris 2017, ba a ɗora ba, daga tsakiyar Mayu aka fara kwashe bayanan mutane kusan miliyan 147.

To, me zai hana mutum ya riƙa dubawa da hannunsa duk lokacin da ya ga dama? Abin da zai hana shi ne babu abin da zai tuna masa. Kwamfutar da ke da ɓaraka ba ta tari, ba ta zazzaɓi. Tana buɗewa lafiya, tana buga takarda lafiya, har ranar da abin zai faru. Ɗan Adam kuwa yana tuna abin da ke damunsa ne. Equifax da asibitocin Ingila suna da ma'aikatan da ake biya albashi don wannan aikin kaɗai, duk da haka ya wuce su, balle malamin makaranta ko mai shagon buga takardu da kansa ke ɗauke da lissafin kuɗin makaranta da na man janareto. A 2015 masu bincike na Google sun tambayi ƙwararrun tsaron kwamfuta da kuma sauran jama'a abubuwan da suka fi yi don kare kansu a intanet. Kashi 35 cikin 100 na ƙwararrun sun ambaci sabunta manhaja, a cikin sauran jama'a kuwa kashi 2 kacal. Jama'a sun fi dogara da manhajar kashe bairos. Ita ma tana da amfaninta, amma ba ta toshe ramin da ke jikin Windows ko burauza, kuma ita kanta in ba ta sabunta ba ta zama ado.

Rikicin da ake yi da afdet, in aka duba, ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya. Akwai dubawa, wato kwamfuta ta tambayi kamfani ko akwai sabon abu, kuma wannan data kaɗan yake ci idan aka kwatanta da kallon bidiyo na 'yan mintoci. Akwai saukewa, wanda shi ne mai cin data. Sai ɗorawa, da kashewa a sake kunnawa, wanda shi ne mai cin lokaci, mai tsoron ɗaukewar wuta. Yaron shago don ya tsere wa na biyu da na uku sai ya kashe duka ukun, ya bar mai kwamfuta bai ma san akwai abin da ke jiransa ba. Alhali kowane ɗaya ana iya yanka masa lokacinsa daban. Dubawa a bar ta kullum. Saukewa a kai ta lokacin da data ke da sauƙi. Sake kunnawa a ajiye shi lokacin da babu aiki a gaba kuma batir a cike yake.

A nan ne nake ganin laifin masu ƙera manhaja, kuma a nan ne dole mu gyara da kanmu. Tsoffin Windows sun zo da ƙarfe 3 na dare a matsayin lokacin ɗora sabuntawa, sababbin kuma suna ajiye aikin gyare-gyarensu ƙarfe 2 na dare. Wanda ya zaɓi wannan lokaci yana hango kwamfutar da ke kan tebur, a jone da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet ɗin da ake biya a wata ba a auna shi. Ƙarfe 2 na dare a Gusau ko Damagaram, laftof tana cikin jaka a kashe, wayar da ke ba ta intanet tana ƙarƙashin matashi. Sai aikin ya taru, ya faɗo wa mutum da safe lokacin da ya fi bukatar na'urar. Kowa ya san hoton: ɗalibi ya zo shagon buga takardu da kundin kammala karatunsa a filasha, ƙarfe goma zai miƙa, mai shago ya kunna kwamfuta sai ga shuɗin allo, ɗigo-ɗigo suna zagaye, an rubuta kashi 30 cikin 100 da gargaɗin kada a kashe, janareto yana shan mai, layi yana tsawo. Wanda ya ga haka sau ɗaya ba ya bukatar a yi masa huɗuba kafin ya tsani afdet. Sai dai abin da ya cuce shi lokacin ne, kuma lokacin ana iya canza shi. A cikin saitin Windows Update akwai wurin da mutum zai faɗi sa'o'in aikinsa, har zuwa awa 18 a yini, kuma na'urar ba za ta sake kunna kanta a cikinsu ba. Idan sabuntawa ta sauka tana jira, ana iya zaɓar rana da sa'ar da za a ɗora ta. Mai shago ya ce Juma'a da rana lokacin da aka rufe aka tafi masallaci, ko Lahadi da yamma. Ma'aikaci ya ce daren Asabar. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama lokacin da kwamfutar take a kunne da gaske. Masu Ubuntu, wani nau'in Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, suna da zaɓin a duba kullum, ko bayan kwana biyu, ko mako-mako. Waɗanda kuma ke rubuta jadawalinsu da cron a Linux su tuna cewa idan lokacin ya zo na'ura tana kashe, cron ba ya rama aikin, anacron ne aka yi don ramuwa. Ƙaramin abu ne, amma ya raba jadawalin da ke aiki da wanda ke rubuce kawai.

Maganar data gaskiya ce, ba zan raina ta ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, kuma facin wata-wata na Windows yana iya kaiwa ɗaruruwan megabait ko fiye, babban sauyi na shekara kuwa gigabait da yawa. Ga mai sayen data ta kwana ɗaya, wannan kuɗin cefane ne. Amma Windows yana da maɓallin da za ka shaida masa cewa wannan layin ana auna shi. Da zarar ka kunna shi a kan hospot ɗin wayarka, zai janye daga yawancin manyan saukewa, ya bar su sai ka hau wani layin, ko da yake yana iya ɗauko wasu da ya ga sun zama dole. Sai ka bar layin ofis ko na makaranta a buɗe, ko ka sayi garaɓasar dare da kamfanoni ke sayarwa, sau ɗaya a wata, a makon da Talata ta biyu ta faɗo. Shagon da ke da kwamfutoci biyar ko goma a layi ɗaya yana iya kunna tsarin da ɗaya za ta sauke ta raba wa sauran, maimakon kowace ta sauke nata. A kula dai a taƙaita rabon ga na'urorin cikin gida, don kada a wayi gari datarka ce ke ciyar da baƙi a intanet. Idan aka yi lissafi, a ajiye kuɗin datar wata a gefe, a ajiye kuɗin sake ɗora Windows da asarar fayilolin shekara uku a ɗaya gefen.

Maganar wuta ba ta da tsawo. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗora sabuntawa tana iya lalata Windows, musamman a kwamfutar tebur da ba ta da batir. Wannan dalili ne na zaɓar lokaci da kyau, lokacin da sola ta cika ko aka tayar da inji, a kuma jona laftof da caja kafin a fara.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa sabuntawar kanta tana ɓarna, kuma masu faɗin haka suna da shaida. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani gurɓataccen fayil zuwa ga abokan cinikinsa. Cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi ya janye shi, amma aikin gama ya gama: Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 sun faɗi, filayen jirgi suka cika da fasinjoji, bankuna da asibitoci suka koma biro da takarda, kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Kafin nan, a Oktoban 2018, babban sauyin Windows 10 ya goge fayilolin wasu mutane har Microsoft ya dakatar da shi. Ba na musun ko ɗaya. Amma a duba su da kyau. Manhajar CrowdStrike ta manyan kamfanoni ce, ba ta kan laftof ɗin gida, kuma babban kuskuren shi ne an tura fayil ɗin ga kowa a lokaci guda ba tare da an fara da kaɗan an ga yadda za ta kaya ba. Na 2018 kuwa sauyin fasali ne, irin wanda babu gaggawa a kansa. Darasin da ke ciki shi ne a bambanta. Facin tsaro a ba shi 'yan kwanaki, kada ya wuce mako, domin idan akwai matsala a cikinsa a waɗannan kwanakin ake jin ƙararta. Babban sauyi mai kawo sabon fasali a bar shi ya yi watanni, waɗanda suka fi mu data da haƙuri su gwada mana. Windows ma ya yarda a dakatar da sabuntawa har mako biyar, sannan ya dawo da kansa. Wannan dawowar da kansa ita ce bambancinsa da abin da yaron shago ke yi, wanda babu ranar dawowarsa. Kuma duk wanda ke tsoron faci ya lalata masa aiki, amsar tsoronsa ita ce kwafin fayilolinsa a wani faifai daban da ba ya zama a jone, abin da zai cece shi daga mummunan faci da mai neman fansa da ɓarawon jaka baki ɗaya.

Akwai ɓarnar da ta fi ta gurɓataccen faci muni, wato a sa guba a cikin sabuntawar da gangan. Ranar 27 ga Yuni 2017 wani bairos mai suna NotPetya ya shiga kamfanonin Yukiren ta hanyar sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, ya bazu duniya, ya jawo wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk asarar da ta kai dala miliyan 300. A 2020 an gano an yi irin haka da manhajar SolarWinds, inda abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke gurɓataccen kwafi. Waɗannan ayyuka ne da aka danganta da gwamnatoci, masu neman manyan wurare, kuma ko NotPetya ɗin, ɗaya daga hanyoyin da ya bi ya yaɗu ita ce tsohuwar ɓarakar nan da aka toshe tun Maris. Gubar da ta fi kusa da talaka daban ce. Ita ce shafin da zai buɗe maka kwatsam ya ce burauzarka ta tsufa, latsa nan. Ita ce manhajar sata da aka fasa aka ɗora maka daga filashar da ta zaga shaguna ashirin, wadda sau da yawa don kada asirinta ya tonu ne ma ake toshe afdet. Mutumin da ya san kwamfutarsa tana sabunta kanta a lokaci sananne, ta hanya sananniya, ba shi da dalilin latsa irin wannan tallan. Wanda aka kashe masa afdet shekara biyu, zuciyarsa na raya masa cewa lallai akwai abin da ya tsufa, shi ne ke latsawa.

Dole kuma a faɗi cewa kamfanonin su suka koya wa mutane rashin yarda. A 2016 Microsoft ya matsa wa masu Windows 7 da 8.1 lamba su koma Windows 10, har ta kai ga wani lokaci rufe akwatin sanarwar da alamar X ana ɗaukarsa amincewa. Wata 'yar kasuwa a Kalifoniya ta kai ƙara ta samu diyyar dala 10,000. Har yau ana cusa talla da manhajojin da ba wanda ya nema a cikin ƙunshin da ake kira sabuntawa. Wannan cin amana ne, kuma ya dace a ci gaba da matsa musu su raba gyaran tsaro da kayan kasuwanci. Amma fushi da Microsoft ba ya toshe rami ko ɗaya a kwamfutarka. Haka nan maganar “ni wa ya san ni da zai yi mini kutse”. WannaCry bai san sunan kowa ba, adireshin intanet yake bi ɗaya bayan ɗaya yana taɓa ƙofa. Kuma a laftof ɗin da mai ita ke cewa babu komai, akwai kalmomin sirri da burauza ta adana, da hoton katin NIN, da takardar banki mai ɗauke da lambar asusu, da WhatsApp a buɗe wanda za a iya amfani da shi a roƙi 'yan uwa kuɗi da sunansa. Burauzar ma abin dubawa ce: Chrome da Firefox suna sauke gyaransu da kansu, amma ba ya kama aiki sai an rufe su an sake buɗewa, kuma akwai masu rufe murfin laftof kawai na tsawon makonni da shafuka talatin a buɗe.

Inda jadawali ba zai yi amfani ba shi ne inda babu sauran facin da za a jira. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, kuma 14 ga Oktoba 2025 ita ce ranar da ya yanke wa Windows 10, da ƙarin shekara guda ta facin tsaro, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista a shirin tsawaitawa. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, sharaɗin da ɗimbin kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ƙasashenmu ba su cika ba. Ofisoshin Turai da Amurka suna rabuwa da irin waɗannan na'urori daidai lokacin da aka daina kula da su, kuma an san kasuwar da suke nufa. Saboda haka mai saye ya ƙara tambaya ɗaya a kan ta batir da ta girman faifai: wannan tana ɗaukar Windows 11 ta hanyar da kamfani ya yarda, ko dabara aka yi aka cusa shi? Idan ba ta ɗauka, kuma aikin bai wuce rubutu da intanet da kallo ba, Linux Mint ko Ubuntu suna tafiya a kan tsofaffin injuna, kyauta ne, kuma nau'in Ubuntu mai dogon zango yana samun facin tsaro na shekara biyar. Masu gyara a kasuwanninmu da suka iya ɗora Windows cikin rabin awa ba za su kasa koyon wannan ba, in masu saye suka fara tambaya.